Bawana, Cire Hannunka Daga Memorin Nan

Daga Gwanzo, ƙasar Sin.

Bawana ɗan Gwaggo, sarkin barcin hantsi na Shahuci. Ka durƙusa har ƙasa ka gaishe min da Gwaggo, kuma ka daina gaya wa 'yan majalisa cewa na tafi gwanjo. Gwanzo ake cewa, gari ne, ba dilar kaya ba.

Saƙonka ya iso ni ana idar da la'asar a Xiaobei, unguwar da baƙar fata suka fi taruwa. Minti bakwai kana magana, shida na kuɗin shara ne, sai a na ƙarshe ka ce wai memorin nan ya ƙi buɗewa, waya tana cewa a yi masa fomatin. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Kai ma ka san abin da ke ciki: Hawan Daushen da muka kalla a Ƙofar Kudu, bikin ƙanwarka, da muryar Kaka, Allah ya jiƙanta, tana jero mana sunayen kakanninmu a tsakar gida. Ba mu da wannan muryar a ko'ina sai can.

To, ka ji umarnin ubangidanka. Kada ka danna fomatin ɗin nan. Cire memorin yanzu, ka naɗe a takarda, ka ba Gwaggo ta jefa cikin adakarta, don aljihunka ko goro ba ya kwana lafiya a ciki.

Ka san kantin kasuwar Kurmi da littafin lissafinsa? Idan littafin ya yage, atamfofi suna nan a kan kanta, sai dai yaron shago ya rasa wacce ke ina. Haka memori yake. Sau da yawa ɗan teburin da ke nuna mazaunin kowane hoto ne ke lalacewa, musamman idan an fizge katin ana cikin rubutu, ko caji ya ƙare a tsakiya. Hotunan kuwa suna kwance har sai an ɗora wani abu a kansu. Saboda haka idan na ji ka kai shi wurin 'yan dawunlodin an zuba maka fim ɗin Indiya mai fassara, to ka fara neman wani taubashin.

Hau adaidaita ka tafi Fam Santa ko Titin Beirut, ka nemi mai kwamfuta, ba mai ƙusa da tocila ba. Ya saka katin a adafta, babbar rigar memori, ya tura ɗan makullin gefe ƙasa don kada komai ya rubutu. Ya fara kwafe katin ɗungurungum zuwa kwamfuta, sannan ya bi kwafin da PhotoRec. Kyauta ce wannan manhajar, wani Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta ta, kuma ba ta damu da yagaggen littafi ba, kanta-kanta take bi tana gane hoto da bidiyo daga kansu. Za su fito ba sunaye, a cakuɗe kamar kayan 'yan koli, wannan ba komai. Abin da ya fito a ajiye a kwamfuta ko filashi, kada a mayar cikin katin. Ka tsaya a kansa ƙyam, hotunan matan gidanmu ne.

Abu ɗaya ke hana ni barci. Ka yi ta cika baki ka sayo mai giga 64 da kuɗin tsire. Akwai jabun da ake rubuta wa 64 alhali cikinsa 8 ne, idan ya cika sai sabo ya hau kan tsoho ko ya bi iska. In an gama ceto, a gwada shi da H2testw mu san gaskiyarsa.

Ranar da muryar Kaka ta fito, turo min ita kafin ka sha ruwa, ka sa ɗaya a wayar Gwaggo, ɗaya a imel. Kuɗin shararka na bana da na bara suna hannuna, har da sabon memori na ƙwarai. Sai na ji Kaka a kunnena za su hau jirgi.

Naka,
ubangidanka, ɗan Kawu.