Ku 'Yan "Ai Duk Takarda Ce", Ku Matso Kusa

Na san ku sarai. Da an ce an saka haƙƙin ma'aikata cikin yarjejeniyar kasuwanci, sai ku taɓe baki, ku gyara zaman hula, ku ce, "Malam, ai duk takarda ce. Turawa ne ke neman toshe wa kayan talakawa hanya." To Alhaji, ajiye kofin shayin nan tukuna, kada ya ƙone ka.

Rabin maganarku gaskiya ce. A taron Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a Singafo a 1996, ƙasashe masu tasowa ne da kansu suka ce ba su yarda ba, aka tura batun ga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ba ta da bulala. Ga kuma rikicin Amurka da Gwatamala: 'yan ƙwadago sun kai koke kan take haƙƙin ma'aikata a Gwatamala a 2008, ba a yanke hukunci ba sai 2017, Amurka ta faɗi. Jaririn da aka raɗa wa suna ranar koken har ya iya zuwa aike. Wannan kun ci, ku tafa.

Amma ina za ku? Ku dawo ku zauna. A garin Silao na Meziko akwai masana'antar motocin General Motors. A 2021 ma'aikatanta suka je kaɗa ƙuri'a kan tsohuwar yarjejeniyar aikinsu, sai aka tarar an lalata wasu ƙuri'un. Yarjejeniyar kasuwancin Amurka, Meziko da Kanada ta 2020 ta ba da damar ƙwace rangwamen kuɗin fito daga masana'anta guda, sai Amurka ta ɗaga wannan sandar. Bayan 'yan watanni aka sake zaɓe, ma'aikata suka yi fatali da tsohuwar yarjejeniyar. A 2022 suka zaɓi ƙungiya mai cin gashin kanta, albashi ya ƙaru da kashi 8.5 cikin ɗari. Kura da ke shan bugu ta fara leƙa aljihun gardi.

Ko a nan Afirka, Amurka ta cire Suwaziland daga shirin rangwamen kuɗin fito na AGOA a 2015 saboda takura wa 'yan ƙwadago, ba ta mayar da ita ba sai 2018.

Takarda ce, ban musa ba. Amma Alhaji, takardar filinka ma takarda ce, ga ta can ƙarƙashin katifa cikin leda biyu. In ka isa, ciro ta ka ba mai ƙosai ta naɗe maka.