Ranar Zaɓen Littafi

Wanda bai taɓa zama a ƙungiyar masu karatu ba zai ɗauka karatun ne wahalarta. Ina! Karatu ai kowa a ɗakinsa yake yi, ko ya ƙi yi, ba mai ganinsa. Tashin hankalin yana can ƙarshen zama, bayan an gama fashin baƙin littafin watan jiya, an shanye zoɓo, sai shugaba ya gyara zaman hularsa ya ce, "To jama'a, wanne za mu ɗauka?" Tsarin mulkinmu ya ware wa wannan tambaya minti 15. Wanda ya rubuta wannan sashe bai san mutane ba.

Da wuya ka ga mutum ya kawo littafin da yake marmarin karantawa. Wanda yake so a ce shi ya kawo, shi yake kawowa. Shi ya sa ranar zaɓe ba littattafai ake tantancewa ba, mu ne.

Mai fara ɗaga hannu kullum shi ne Baba Malam, tsohon hedimasta. A wurinsa adabin Hausa an haife shi a Zariya a 1933, ya yi ƙuruciya, ya manyanta, ya rasu tare da Abubakar Imam a 1981. Ruwan Bagaja zai ce. A ce, "Baba, ai mun yi shi bara." Ya ce to Ganɗoki. A ce shi ma an yi. Shaihu Umar fa? Haka zai bi littattafan gasar Rupert East ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare ya koma Magana Jari Ce, da yake juzu'i uku ne ya samu abin wata uku ke nan. Abin haushin, ba a iya yi masa musu. Hausar Imam ta fi ta duk wanda ke ɗakin daɗi, kuma Baba ya riƙe rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe fiye da yadda ya riƙe sunayen jikokinsa. Sai dai a lallaɓa shi da "wata mai zuwa in sha Allah, Baba", ya karɓa yana murmushi, don ya san da shi da watan duk suna nan tafe.

Sai Hajiya. Ita ma'auninta hawaye ne: "Littafin nan, wallahi kwana na yi ina kuka." A yarda, a zaɓa, sannan ta bayyana cewa kashi huɗu ne. Na ɗaya da na biyu suna hannunta. Na uku wata maƙwabciya ta ara, ta yi aure da shi, yanzu haka tana goyon na biyu. Na huɗu kuwa mai shago a Sabon Gari ya ce a dawo jibi. 'Yar ɗakinta a wannan hali wata ɗalibar jami'a ce da ke karatu a waya. Nata littafin marubuciyar ma ba ta gama rubuta shi ba. "Yaya, ai kullum da dare take sakin sabon shafi." Shafukan kyauta kuma a daidai inda uwargida ta turo ƙofar ɗakin amarya suke ƙarewa, daga nan sai lambar asusun banki.

Amma gwarzon ranar zaɓe, wanda in bai zo ba zaman ba ya armashi, shi ne Dakta. Ba a kai ga ba shi digirin ba tukuna, kundin yana hannun mai dubawa tun shekarun baya, sai dai mu mun riga mun ba shi sunan, shi ma bai mayar mana ba. Dakta ba ya shiga muhawara da wuri. Yakan jingina da kujera, yana kaɗa ƙafa, yana murmushin tausayi, ya bar ƙananan littattafai su gama kashe junansu. Sai ya ga an gaji, sannan ya sunkuya, ya zuge jaka, ya fito da abin da hannu biyu kamar mai miƙa jariri ranar suna, ya ɗora a tebur har kofuna su girgiza. Muƙaddimar Ibn Khaldun. Ko Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ran da abin ya motsa sosai, wani ƙaton littafin Tolstoy na Rasha mai shafi sama da 1,000, wanda riƙe sunayen mutanen cikinsa kaɗai aikin wata guda ne.

"Jama'a," zai ce, a hankali, yana bin fuskokinmu da kallo, "har yaushe za mu zauna muna karanta wance ta auri wane? Ya kamata ƙungiyar nan ta girma." Ɗaki ya yi tsit. Ba mai so a ce shi ya hana ƙungiya girma. Wani ya yi ta maza ya ce, "Dakta, anya wata ɗaya zai isa kuwa?" Sai ya dube shi ta saman tabarau: "Malam, Ibn Khaldun a wata biyar ya rubuta shi, a 1377, ba lantarki, ba kwamfuta. Kai karantawa ce za ta gagare ka?" Hannuwa su fara tashi a sanyaye, har da na mai tambayar.

Mu talakawa mu watse mu shiga fama. Anti, malamar firamare, ta riƙa zama da shi bayan ta kwantar da yara, ta cika littafin rubutu guda da tambayoyi. Wani ya kai rabi ciwon kai ya kwantar da shi. Ranar tattaunawa sai ga Dakta da nasa kwafin fes, ko lanƙwasa babu a gadon bayansa, tsinken sakacen da ya sa alama da shi yana nan daram inda gabatarwar mai fassara ta ƙare. Kada ka ce zai ji kunya. "Kafin mu shiga cikin littafin," zai fara, "wajibi ne mu fahimci zamanin da aka rubuta shi." Zamanin ya ci rabin awa. Daga nan tarihin marubuci. Daga nan jigo da warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, duk abin da ake koya wa 'yan aji ɗaya a sashen Hausa sai an juye mana shi, alhali littafin na tarihi ne da zamantakewa. Kalmar asabiyya kuwa za ta yi ta fitowa daga bakinsa ba adadi, domin an ambace ta a bangon baya. In Anti ta ɗauko wani batu daga tsakiyar littafi, sai ya nuna ta da biro ya ce, "Yawwa Anti! Kin riga ni, nan nake shirin zuwa." In aka matsa masa da tambaya kan babi kaza, amsar tana aljihu: "Ai ni tun ina digirin farko na karanta shi, bugun Beirut, shafukanmu ba za su zo ɗaya ba." In kuwa ya hango ba mafita, da sanyin safiyar ranar saƙo zai shigo: ɗaurin aure ya taso a ƙauye, a yi masa uzuri. Na lura dangin Dakta ba sa aure sai ranar da za a tattauna littafin da ya zaɓa.

Duk da haka ba na son ya yi fashi. Mutumin da ya sa ɗaki guda ya karanta Ibn Khaldun, shi bai karanta ba, ya yi wa ilimi wata irin hidima da ba kowa zai iya ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai tambaya ɗaya tak: "Shafi nawa ne?" Akwai amininsa mai "An yi fim ɗinsa?", wanda ya tsaya kai da fata sai an ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ranar tattaunawa ya yi ta yabon kayan da jarumar ta sa. Akwai wanda in zai tallata littafi sai ya zazzage labarin kaf, har da wanda ya mutu a ƙarshe da abin da ya kashe shi, sannan ya ce, "Ba zan ɓata muku ba, ku dai karanta." Akwai matashin da ba ya kawo komai sai littattafan Amurka na sirrin zama attajiri, in an tashi ya ja ka gefe ya nemi na adaidaita. Akwai 'yar gayun da ta dawo daga karatu a Ingila, ita hujjarta kullum kyauta: littafin Abubakar Adam Ibrahim ya ci dala 100,000 a gasar adabi ta NLNG a 2016. Sai Baba Malam ya tambaya, cikin ladabi, ko da Hausa aka rubuta shi. Shi ke nan an bar zaɓe, an koma rigimar Hausa da Turanci, wadda ta girmi ƙungiyar kuma za ta binne ta.

Muna da marubuci ma, da katan biyu na littafinsa a but ɗin mota. Ba ya faɗar sunan da bakinsa, kunya ba za ta bari ba, yana da aboki mai ɗaga hannu a madadinsa. In tsautsayi ya sa aka zaɓa, zaman ya koma walima. Wa zai ce labarin ba kai ba gindi, ga mai shi a zaune, kuma shi ya kawo tsire? Sai dai "Allah ya ƙara basira, Malam" ta zagaya ɗaki. Kusa da shi kuma baiwar Allah mai "duk wanda kuka zaɓa daidai ne". Ranar zaɓe ba ta da baki. Ranar tattaunawa ita ce ta farko: "Ni dama tun farko jikina bai ba ni ba."

Duk waɗannan dariya nake musu, in ban gan su ba in buga waya in tambayi lafiya. Mutum ɗaya ne dariya ba ta zo mini a kansa, wato mai gadin tarbiyya.

Shi ba zaɓe yake zuwa yi ba, kashewa yake zuwa yi. Da an ambaci littafi mai sunan mace a bango, sai ya taɓe baki: "Littattafan soyayya? Haba jama'a, akwai 'yan mata fa a nan." Ka tambaye shi ko ya karanta, ya ce Allah ya kiyaye, shi ba ya karanta irin waɗannan. To da me ya yanke hukunci? Da abin da ya ji ana faɗa tun shekarun 1990, lokacin da aka yi ta cacar baki a jaridu kan adabin kasuwar Kano. An kawo Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta saboda ya yi amarya, abin da ba unguwar da bai faru ba. Littafin ya fito a 1990, a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, mutanen da ba su taɓa jin Hausa ba suna karanta shi. A ɗakinmu, a cikin Kano, ya faɗi zaɓe, don kawai mutum ɗaya ya ɗaure fuska ya ambaci tarbiyya, sauran kuma ba mai so a gan shi yana jayayya da tarbiyya. Haka ya yi wa Wa Zai Auri Jahila?, wanda a kan karatun 'ya mace da auren dole yake magana. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da kamfanin NNPC na Zariya ya buga tun 1980, bai sha ba.

Ban ce duk abin da aka buga a Kano abin kirki ne ba. Akwai tarkace, na maza da na mata. Amma tarkace sai an buɗe ake gane shi. A 2007 an cinna wa irin waɗannan littattafai wuta a bainar jama'a a garin nan. Shi wannan ko ashana ba ya buƙata. Abin da ya fi ci mini rai 'yan matan da yake cewa yana karewa. Da can da 'yar takardarsu suke zuwa, sun rubuto sunayen littattafai biyu ko uku. Yanzu sai su naɗe hannu su jira maza su gama, ɗaya ma ta daina zuwa. Kuma mutumin nan sau ɗaya ya taɓa kawo littafi da kansa, wai adabin magabata: Dare Dubu da Ɗaya. Duk wanda ya buɗe shi ya san ba na karanta wa yara a tsakar gida ba ne.

Don maganin duk wannan mun gwada dabaru. Mun yi ɗaga hannu, sai aka ga kowa hannun Alhajin da ke ba mu aron falo yake kallo kafin ya ɗaga nasa. Mun yi karɓa-karɓa, aka soke ranar da layi ya zo kan marubucinmu. Yanzu ƙuri'ar sirri muke yi: kowa ya rubuta a guntun takarda, a jefa a hula, sakatare ya koma gefe ya ƙirga.

Sakataren kuwa mutum ne mai natsuwa. Ba ya shiga rigima, ba ya tallata littafi. Iyaka dai yana da rauni a kan siraran littattafan da aka karanta a sakandare, waɗanda suke nan jere a kantarsa ba sai ya saya ba. Ikon Allah, tun da aka koma ƙuri'ar sirri Iliya Ɗan Maiƙarfi ya ci, Kitsen Rogo ya ci, Uwar Gulma ma ta ci da gagarumin rinjaye. Rubutun mutanen yanzu ba ya karantuwa, dole wani lokaci mai ƙirge ya yi ijtihadi. Watan nan Jiki Magayi ne ya yi nasara. Baba Malam ya kama hannuna ya sa mini albarka. Dakta ya miƙe ya ce bai yarda ba, a sake ƙirge a gaban kowa. Na ce ai ba komai Dakta, sai dai takardun tuni yaron gidan ya hura gawayin shayi da su.