Zuwa ga Kasuwar Maigatari

Ina gaishe ki da ɗawainiya, ke da kike ci kowace Alhamis a ƙasar Gumel, daidai inda Jigawa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar.

Tun daren Laraba gari yake cika. Fulani da Buzaye su koro shanu da raƙuma da raguna uda daga wajen Damagaram, tireloli su jeru a bakin kara suna jiran lodi. Kafin hantsi ƙura ta turnuƙe. Dillali ya ɗaga leɓen bijimi ya duba haƙori, ya shafa tozo, a yi ta tayi ana cewa albarka har a kai ga sallamawa, ya karɓi la'adarsa. Ɗan canji yana gefe da sefa da naira. Mai fura, mai tsire, ɗan garuwa, har yaron da ke riƙe igiya a ba shi na goro, kowa a jikinki yake ci. Ga kuma buhunan riɗi da zoɓo, wanda ake kaiwa har Meziko.

An san darajarki da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. Sai Disamban 2020 aka buɗe, kuma Maigatari na cikin guda huɗu da aka fara da su. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sake garƙamewa, har Maris ɗin 2024. Duk lokacin da kika yi sanyi, tukunyar gidaje da yawa ba ta hawa murhu.

Ga abin da ke damuna. Dabbobin nan da ransu suke barinki. A cusa su a mota, su yi kwanaki a tsaye kafin su isa Legas ko Fatakwal, su rame, wasu su faɗi a hanya. Can ake yanka, can ake jeme fata, can ƙashi da ƙaho suke zama kuɗi. Mu sai la'ada da taki. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka keɓe wa garin nan yankin ciniki marar haraji domin a kafa masana'antu, amma har yau samarinmu suna tafiya cirani neman aikin da ya kamata su samu a ƙofar gida.

Don haka nake roƙonki, ta bakin sarkin pawa da shugabannin dillalai, ki matsa wa hukuma. Muna son mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi da lantarkin da ba ya yankewa, da majema, da likitocin dabbobi masu duba garke tun kafin ya shigo kara. A ƙara rijiyoyin burtsatse da inuwa, domin a watan Afrilu rana ba ta raga wa mutum ko dabba. Harajin da ake karɓa a kan kowace dabba kuwa, a riƙa bayyana wa mutanen gari nawa aka tara, da abin da aka yi da shi.

Allah ya ƙara miki albarka.

Naki,
Wani ɗan ƙasar Gumel