Ziyarar Bahar Rum Daga Gazawa

Wani aminina na Gazawa, mutum mai tsimi da tanadi, tun da ya ji labarin Tarabulus a bakin matafiya, ya ƙudurta niyyar ziyarar kwana uku, ya kira ni in zama shaida ga lissafinsa: Damagaram, Agadas, Dirku, Sabha, sa'an nan bakin bahar, guzuri ƙuli-ƙuli da garin rogo, masauki kuwa masallaci, kasancewar haƙƙin baƙo wajibi ne. Da muka ƙirga jikunansa har sau biyu, muka cire kuɗin goro, sai ta bayyana cewa iyakar tafiyar Tasawa ce. Ya nisa, ya ce, "Malam, ruwan nan ma na gishiri ne, ko fura ba a damawa da shi."