Ɗaurin Rago a Dam ɗin Daberam

Har yanzu babbar rigata tana kan igiyar shanya tana ɗiga, uwargida kuma duk ta gifta ta wajen sai ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisarmu su sa wa labarin gishiri.

Kifi na je saye jiya a dam ɗin Daberam, can tsakanin Daura da Dutsi. Na tarar masuncin da nake ciniki da shi zai tsallaka da babban jirginsa mai ɗan inji, zai ja wani ƙaramin kwale-kwale zuwa wancan gefen, yaronsa kuma bai zo ba. Ya ce, "Malam, ka iya ƙulli?" Ni da na shekara 20 ina sayo ragon layya a kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ban taɓa ɗaure rago ya kuɓuce ba? Na ce ya miƙo igiya.

Ya yi mini bayani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce in ɗaura a zoben da ke ƙasan hancin kwale-kwalen, in bar igiya kamar gaba shida kada ta naɗe a farfela, sannan in zauna can baya domin hancin ya ɗaga. Na leƙa zoben, duk gansakuka da ƙarnin tarwaɗa, ni kuwa shadda ce a jikina, ta sha bugu. Sai idona ya faɗa kan katakon zama na tsakiya, busasshe, tas da shi. Na zarga masa igiya yadda nake zarga wa rago. Da yake ta leda ce mai santsi, na ƙara ƙulli uku, na yi mata ɗaurin kawo-wuƙa. Sannan na zauna a kan katakon, in yi gadin aikina.

Akwai wani tsoho a gindin gawo yana tsaron awaki, goro a kunci. Ya ce, "Ɗana, tofa wa ƙullin yawu."

Na ce, "Baba, ka taɓa shiga jirgi?"

Ya ce, "Ni da ruwa sai alwala. Amma mu Daurawa, tun daga rijiyar Kusugu muka san igiya. Tofa."

Na tofa, don a zauna lafiya.

Inji ya tashi. Igiya ta fara warwarewa sululu tana bin ruwa, ni kuma har da ɗaga wa yaran bakin gaɓa hannu. Sai ta miƙe, ɓam! Da yake daga tsakiya aka ja shi, kwale-kwalen bai bi jirgi ba, sai ya juya ya ba ruwa haƙarƙari. Ƙusoshi biyu masu tsatsa ne ke riƙe da katakon. Ƙullina ya fi su zuciya. Katako ya fice daga ƙarƙashina ya bi ubangidansa.

To, a nan ne abin yake. Akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, amma ni na shekara a cikinsa, da nake zaune a kan babu. Gwiwoyina a lanƙwashe, bayana a miƙe, hannuna na dama har yanzu a sama, kamar mahayin da ya zo jinjina ƙofar fada ranar hawan Sallar Gani, sai dai an zare dokin. Murmushin ma bai gama barin fuskata ba. Na ga tsohon ya daina tauna. Na ga wata akuya ta ɗago kai. Daren jiya sau uku ina farkawa, kowane karo a wannan zaman nake tarar da kaina, hannu a sama.

Sai tsundum.

Babbar riga ta buɗe kamar laima ta kife mini a ka. Duhu, ruwa, laka. Na yi kalmar shahada, na yafe wa duk wanda nake bi bashi, har da surukina. Ta cikin shaddar nake jiyo muryar tsoho:

"Hular, ɗana! Riƙe hular, zanna ce!"

Na shure-shure.

"Kada ka sha da yawa, da shi ake ban-ruwan tumatir!"

Na ƙara shan wani.

"Ai da ka cire takalmin tun farko. Ruwa ba ya son fata."

Can sai ya ce, a natse, kamar mai ba da labarin farashin gero, "Ka tashi tsaye mana." Ita kaɗai ce maganarsa mai amfani duk yinin, ita ce kuma na ƙi ji, don na riga na yanke cewa tsohon nan ba ya faɗin abin kirki. Sai da wani yaro, bai fi shekara 10 ba, ya tako cikin ruwan ya yaye mini rigar daga ka, ya ce, "Sannu, Malam." Na dube shi. Ruwan iya cinyarsa.

Masunci kuwa ƙarar inji ta cika masa kunne, bai waiwayo ba. Ya kusa tsakiyar dam yana jan katako guda, yana ta tsalle a bayansa kamar karfasa. Kwale-kwalen yana nan gefena, ko taku ɗaya bai yi ba.

Da ya dawo bai ce mini uffan ba, wannan ya fi zagi ciwo. Ya sa haƙori a ƙullin, ya sa ƙusa, daga ƙarshe ya aika a kawo wuƙa. Tsoho ya taso da sandarsa, ya sunkuya ya daɗe yana duban katakon, sannan ya juyo gare ni fuskarsa cike da alfahari.

"Ka gani ko, ɗana? Ƙulli dai bai kwance ba. Yawun nan ne."