Ɗabaƙun Ma'abota Alƙalami Maras Tawada

Duk mutumin Dewule da ya nufi Buza ko Madawa domin a buga masa katin aure, in Allah ya hore masa haƙurin zama a kan benci, zai lura da cewa ɗan allon roban nan da alƙalaminsa maras tawada, irin wanda kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, ya shahara da ƙerawa, ya kasa samarinmu ɗabaƙa-ɗabaƙa, kowace da illarta.

Akwai sabon shiga, wanda tun yana makarantar allo aka hore shi da duban inda bakin alƙalami yake sauka, yau kuwa aka ce masa hannu a ƙasa, ido a kan gilashin kwamfuta; sai ya ƙudurta zana albasar Galmi, ya ɗaga kai ya tarar da halittar da ko mai gonar ba zai shaida ba.

Amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne mai waswasi. Manhajojin wannan sana'a ba ɗigo-ɗigon hoto suke ajiyewa ba, lissafin lanƙwasar layi ne tsakanin ƙulli da ƙulli, bisa ƙa'idar da Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, ya yaɗa a shekarun 1960, shi ya sa tambarin da aka zana domin hatimi ake iya faɗaɗa shi ya cika bango bai dushe ba. Ƙulli huɗu sun ishi da'ira. Shi kuwa bawan Allah, saboda rashin yarda da lissafi, sai ya dasa arba'in, kowanne ya ja shi hagu, ya maido shi dama, har da'irar ta fita da kusurwoyi, sa'an nan ya rantse alƙalamin ne ke da aljanu. Ƙaninsa a wannan ciwo shi ne mai yawan tuba, wanda yatsunsa na hagu ba sa rabuwa da Ctrl da Z, yana zana layi yana janye shi tun hantsi har la'asar.

Mai ƙarfin hannu kuma, an gaya masa alƙalamin yana rarrabe matakan dannawa 4096, shi na ƙarshen kaɗai ya sani, yana kartar allon kamar mai huɗa a tsandaurin Adar, kowane wata sai ya sauya tsini.

Ma'abocin mazhaba ba ya zane sam, jayayya ce aikinsa: in ka ambaci CorelDRAW ya ce Illustrator ya riga shi zuwa duniya, tun 1987, shi kuwa sai 1989, in ka kawo Inkscape, da ake samu kyauta, ya dube ka duban ɗan bidi'a, alhali nasa ma ba wanda ya taɓa ganin ya biya ko dala a kansa.

A bayansu duka kuwa Alhaji mai kati yana tsaye, bai san ƙulli ba, bai san Bézier ba, yana dangwala yatsa a gilashi yana cewa, "Yaro, ƙara wa sunana girma, ka sa masa ruwan zinariya, ka matsar da na surukina ƙasa kaɗan." Ana cikin matsar da surukin wuta ta ɗauke, yaron bai adana komai ba, Alhaji ya ce madalla, dama yana son a sake daga farko.