Bakaniken Shara Mansur

Duk wanda gidansa ke kan duwatsun Makka ya san birki ba abin wasa ba ne. Tsohuwar Camry ɗina ta fara ƙugi a ƙafafun baya, bakanike a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya ce fahmat da hobat, wato takalman birki da faifansu, duk sun cinye. Da ya yanka mini kuɗin aiki, na ce Allah ya ba da kasuwa, ni ma hannu biyu gare ni. Na sayi kayan na yo gida.

Bayan la'asar na cire jallabiya, na kafa jek a ƙofar gida, na kwance taya. Fahmat suka fita salin alin. Faifan ne ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba inda za shi. Na ɗauko guduma. Kafin a kira magariba kwamiti ya haɗu a kaina: tsohon direban alhazai, Baburme mai shago, da Bayamane mai ful da tamis. Wannan ya ce a zuba Pepsi, wancan ya ce a gasa shi da wuta. Gumi har cikin silifas.

Sai uwargida ta leƙo ta taga.

“Baban Khalifa, ka kuwa sauke birkin hannu?”

Kwamiti ya yi tsit. A irin wannan mota, ƙananan takalman birkin hannu suna cikin faifan ne, su ke riƙe da shi ta ciki. Na ce mata ai ƙarfinsa muke gwadawa. Ina saukewa, faifai ya faɗo mini a babban yatsa.

Bayan isha'i na ɗaure komai, na tayar, na sa giya. Na taka birki, ƙafata ta wuce har ƙasa kamar na taka kunu. Ashe in an tura fistin ciki, sai an yi ta taka feda man ya turo shi kafin mota ta motsa. Gangare ya karɓe ni, ina salati ina bugu. Birki ya kama, amma sai da tukunyar ful ta riga shi.

Mai tamis ya karɓi nasa, mai fitilar gaba ya karɓi ninki. Yanzu duk wanda motarsa ta yi gardama a layinmu, sai ya yi sallama, na fito, ya ce: “Alhaji, ko Hajiya tana kusa?”